Keken Tsere da Kaftani: Shin Dole Sai Na Sa Matsattsun Kaya?

TAMBAYA

Assalamu alaikum. Ni malamin makaranta ne a Birnin Kebbi, shekaruna 38, ina da mata da 'ya'ya uku. Wata huɗu ke nan da na sayi keken tsere na hannu, irin mai siririyar taya da lanƙwasasshen kai, saboda tsadar mai, kuma likita ya ce in rage tumbi. Da shi nake zuwa aiki daga Badariya, kilomita 6 zuwa, 6 dawowa. Ranar Asabar kuma ina bin hanyar Kalgo, in yi kamar kilomita 40 gaba ɗaya. Sarƙa ta cinye mini ƙafar wandon shadda har biyu. Na koma sa jins, sai matsematsina ya saɓule, har wani ƙurji ya fito mini a wurin zama. Samarin da muke haɗuwa da su a hanya sun ce sai na sayi matsattsen wando da riga irin na 'yan tsere, da takalmin da ke maƙalewa a feda. Yayana kuwa ya ce ranar da ya gan ni da kayan nan a unguwa, ba shi ba ni, wai Baba ya shekara talatin yana hawan Raleigh da babbar riga bai taɓa kuka ba. Ga gidan surukaina a kan hanyata. Ni kaina ina jin nauyi. Burina in kai Argungu in dawo kafin shekara ta ƙare. Kayan nan dole ne, ko akwai mafita?

Wani malamin makaranta, Birnin Kebbi

AMSA

Wa alaikumus salam, Malam. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa tumbin ya bi umarnin likita.

Ba dole ba ne ka ratsa ƙofar surukanka a matse kamar an ɗinke ka a cikin kayan. Daga duk kayan 'yan tsere, biyu ne za mu ce ka fitar da kuɗi ka saya: hular kwano ta keke, da gajeren wando mai soso a wurin zama. Na biyun kuma ba wanda zai gan shi, domin a ƙarƙashin dogon wando za ka sa shi. Sauran kayan, wasu kana da madadinsu a cikin akwatinka, wasu kuma ba naka ba ne a yanzu.

Maganar Yaya tana da gaskiya a cikinta, sai dai gaskiyar keken Baba ce. Raleigh da Phoenix da iyayenmu suka hau an ƙera su ne don mutum ya hau da tufafin jikinsa. Sarƙarsu a rufe take, sirdinsu mai faɗi ne da sifirin a ƙasa, mahayi yana zaune a miƙe kamar a kan kujera, tafiyar kuma ta natsuwa ce. Naka an tsiraita shi da gangan don ya rage nauyi. Babban faifan gaba, mai haƙora 50 ko 52 ko 53, a buɗe yake a gefen dama, daidai inda ƙafar wando ke kaɗawa. Tsakanin tayar baya da birki ɗan yatsa ma da ƙyar yake shiga, don haka gefen riga in ya faɗa wurin ba ya fita ta daɗi. Zaman kuma na sunkuyo ne, nauyinka yana kan wurare uku: sirdi, hannu da feda. Yawancin kayan 'yan tsere da kake gani, saboda wuraren nan uku da kuma iska aka ƙirƙiro su. In kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza.

Mu zauna a kan matsalar sirdi, tunda ita ce ta kai ka ga ciwo.

Mai tuƙa keken tsere yadda ya kamata yana juya feda sau 80 zuwa 90 a minti ɗaya. A awa guda ya yi juyi kusan 5,000 ke nan. Kilomita 40 ɗinka na Asabar ba za su gaza awa biyu ba, wato cinyoyinka sun goga a gefen sirdi sau kusan 10,000. Juya wandon jins ɗinka ka duba hantsarsa: a nan ƙyallaye huɗu suka haɗu, aka ninka su aka ɗinke, suka zama ƙulli mai tauri. A kan ƙullin nan kake zaune. Sannan auduga tana shan gumi ta riƙe shi, musamman a wurin da iska ba ta kaiwa, fata kuwa in ta jiƙe ta yi laushi, abu kaɗan ke saɓule ta. Gajeren wandon da ke ciki ma yana da nasa ɗinkin a gefen cinya, kuma yana tattarewa. Da fata ta buɗe, ƙwayoyin cuta su shiga gindin gashi, sai ƙurji, in an ci gaba da hawa ya zama maruru.

Kafin ka sayi komai, duba sirdin kansa, domin ba wandon da zai gyara sirdin da aka ɗaure ba daidai ba. Jingina keken da bango, ka hau, ka ɗora dunduniya a kan feda, ka kai ta can ƙasa. Ƙafarka ta miƙe sosai ba tare da ƙugunka ya karkata ba. Idan ka mayar da gaban tafin ƙafa kan fedar, gwiwa za ta ɗan lanƙwasa, haka ake so. Mai son lissafi ya tsaya ba takalmi, ya matse littafi a tsakanin cinyoyinsa, a auna daga saman littafin zuwa ƙasa, a ninka da 0.883. Abin da ya fito shi ne nisan da ke tsakanin tsakiyar babban faifan gaba da saman sirdi. Ƙafa mai santimita 84 za ta ba da kusan 74. Sirdin da ya yi tsawo yana sa ƙugu ya riƙa lilo hagu da dama, kowane lilo kuma guga ce. Sai ka ɗora katako ko littafi mai tauri a kan sirdin ka ga ya kwanta daidai. In hancinsa ya ɗaga sama zai danne maka gaba, in ya sunkuya za ka riƙa zamewa, hannuwa su ɗauki nauyin.

Faɗinsa ma a duba. Shimfiɗa kwali mai kauri a kan benci, ka zauna ka ɗan sunkuya, ka tashi. Za ka ga ramuka biyu, wurin ƙasusuwan zama. Auna tsakaninsu, ka ƙara kamar santimita 2, shi ne faɗin sirdin da ya dace da kai. Kada kuma mai gyaran keke ya ruɗe ka da ƙaton sirdi mai laushi kamar burodi. A minti goma na farko daɗi ne, bayan awa guda ƙasusuwan sun nutse a ciki, sauran soson ya taso ya danne jijiyoyin tsakiya, gefensa kuma yana cin cinya.

To, wando mai soso. Aikinsa uku ne, kuma taushi shi ne mafi ƙanƙanta a cikinsu. Ba shi da ɗinki a wurin zama. Yana manne da fata, don haka gugar tana faruwa tsakanin wando da sirdi, ba tsakanin wando da jiki ba. Yadinsa kuma yana jan gumi ya fitar. Wannan ne ya sa dole ya kama jiki: in ya yi yalwa, soson zai riƙa yawo yana tattarewa, an koma gidan jiya. Kuma ba a sa masa wani wando a ciki. Mutane da yawa suna jin nauyin wannan, su sa gajeren wandon auduga a ƙarƙashinsa, sai su dawo da ɗinkin da gumin da suka biya kuɗi don su rabu da su, daga baya su ce kayan ba su da amfani.

A ciki ne ba a sa komai. A waje kuwa sa abin da ka ga dama. Masu hawan keken daji a ƙasashen da ake wannan wasa haka suke yi, mai soso a ciki, sakakken wando a sama, ba wanda ya ce sun karya doka. Kai ma ka samu dogon wandon motsa jiki mara nauyi, na yadin roba mai santsi, mai tsukakkiyar ƙafa, ka ɗora. Tun muna makarantar allo aka karantar da mu cewa al'aurar namiji daga cibiya ce zuwa gwiwa, kuma tufafin da ke fitar da surar jiki ba abin so ba ne. Da wannan shiga ka rufe, ba ka fitar da sura ba, in sallah ta same ka a hanya ka tsaya ka yi abinka. Abu biyu za ka kula da su a wandon na sama. Hantsarsa kada ta sauka ƙasa, domin duk lokacin da ka tashi tsaye a kan feda ka zo komawa, hancin sirdi zai kama ta. Ɗinkin tsakiyarsa kuma ya zama siriri. In kana da tela mai jin magana, ka ce ya farke hantsar ya sa mata ƙyalle guda mai kusurwa huɗu, yadda ɗinkin zai koma gefe, ya kuma tsuke ƙafar daga gwiwa zuwa idon sawu.

Wandon iri biyu ne a kasuwa, kuma a nan ra'ayinmu ya saɓa da na 'yan tsere. Akwai mai igiyoyi da ake ratayawa a kafaɗa, akwai mai roba a ƙugu. 'Yan tsere sun fi son mai igiya saboda ba ya zamewa kuma ba ya matse ciki. Amma mutumin da zai tsuguna ya yi fitsari ya yi tsarki, sai ya tuɓe riga kafin ya sauke igiyoyin, a bakin hanya, da buta a hannu. Sayi mai roba a ƙugu, mai faɗin roba, wanda bayansa ya fi gabansa tsawo. Tunda kuma soso ne, yana shan duk abin da ya taɓa shi, sai ka natsu wajen istibra'i, ka kuma tsane jiki bayan tsarki kafin ka mayar da wandon. Damshin ruwan tsarki yana saɓule fata kamar yadda gumi ke yi.

Wajen saye, araha ba ta ado, amma ba sai ka nemi mafi tsada ba. Matsa soson da yatsa biyu: mai kyau yana da ɗan tauri, yana dawowa nan take. Wanda ya lotse ya kwanta ya gama aiki. Kauri ba shi ne inganci ba, soso mai tudu kamar katifa yana riƙe gumi ne kawai. Shafa gefen soson, inda aka ɗinke shi da wandon, in ka ji kaifi ajiye shi. Ja yadin ka ɗaga shi ga haske, in kana hango hannunka robar ta mutu. Wannan gwajin ya fi muhimmanci a na gwanjo, inda akan ci karo da masu kyau a cikin dilar kayan wasanni. In na gwanjon ka samu, wanke shi sau biyu da sabulu da maganin kashe ƙwayoyin cuta kafin ya taɓa jikinka. In ta intanet za ka yi oda, auna ƙugunka da santimita ka bi jadawalin mai sayarwa, domin kayan da ake ɗinkawa don kasuwar Asiya sukan fi ƙanƙanta, abin da aka rubuta wa babba sai ka ga na ɗan sakandare ne.

Wankinsa bayan kowane hawa ne, ba fashi. Da ka dawo gida cire shi, kada ka zauna shan shayi ko hira a majalisa da shi a jikinka. A juya shi, a wanke da hannu da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a ɗauraye sosai, a shanya da soson a waje. Kada a sa masa bilic, kada a murɗe shi da ƙarfi. Ka gaya wa uwargida da yaran gida kada dutsen guga ya kusance shi, zafi yana narka robar.

Shi kuwa ƙurjin da ke jikinka yanzu, sauka daga keke har ya warke, ko da mako guda ne. Wanke wurin da sabulu, tsane shi, sa sakakkun kaya, ka riƙa gasa shi da tsumma mai ɗumi sau biyu ko uku a rana. Kada ka matse shi. In ya girma, ya yi zafi, ya tara ruwa, ko zazzaɓi ya biyo baya, asibiti za ka, ba kemis ba. In kana da ciwon suga kada ma ka jira ya kai haka. Bayan ka warke, ɗan man kaɗanya a inda cinya ke haɗuwa da jiki kafin doguwar tafiya yana rage guga. Ciwon ƙashin zama a makonnin farko abu ne da jiki ke sabawa da shi. Amma in gabanka yana mutuwa, ka ji kamar ba a jikinka yake ba, wannan ba a sabawa da shi: jijiya ce aka danne. Duba kwanciyar sirdi, riƙa tashi tsaye a kan feda na 'yan daƙiƙoƙi duk minti 10 zuwa 15, in bai daina ba nemi sirdi mai tsaga a tsakiya.

Zuwa aiki wani zance ne daban. Kilomita 6 tafiyar minti 20 zuwa 25 ce a natse, ba ta buƙatar soso. Kayan gida sun isa, in an ɗaure su. Ƙafar wando ta dama ita ce abincin sarƙa: tattara yalwar zuwa gefen waje, ka ninka, ka tura cikin safa, ko ka ɗaure. Je wurin mai faci ka karɓi tsohuwar robar cikin taya, ka yanka zobe mai faɗin santimita 2, ka zura a ƙafa. Ta keke takan yi ƙanƙanta, ta mashin ta fi dacewa. Ɗaure ta hagun ma, domin tana iya kama kejin gorar ruwa. Zariya a tura ta ciki. Kaftani mai kaiwa gwiwa ko ƙasa, tattare gabansa da bayansa ka cusa a ƙugu kafin ka hau, in ka isa ka sake shi. In ka bar bayan yana reto, ko taya ta ja shi cikin birki, ko ya rataye a sirdi lokacin da kake son dira da sauri, ƙafa ba ta kai ƙasa ba keke ya tafi da kai. Jamfa ta fi sauƙi. Jallabiya da babbar riga kuwa ba su da wuri a kan keken nan, ko zuwa masallacin unguwa ne.

Shadda dai a raba ta da wannan aiki. Ga tsada, ga sitaci da ke sa ta tauri, gumi kuma yana zana mata taswira a baya. Abin da ya fi shi ne ka hau da riga mara nauyi da wandon motsa jiki, ka naɗe kaftanin kamar tabarma, ka sa a leda, ka jefa a jakar goyo tare da hula. Naɗi ba ya karya guga kamar ninki. Takalmin aiki ka bar shi a makaranta. Isa da minti 15 kafin lokaci, ka huta gumi ya tsaya tukuna, sannan ka ɗauki buta ka goge jiki ka canza. Wanda ya canza kaya yana kan zufa, sabbin ma jiƙewa za su yi.

Wani abin da ke ɓata tufafi ba a lura: baƙin man inji da ake zuba wa sarƙa a wurin gyara. Yana kama ƙura, ya zama baƙin kwaɓi mai cin haƙora da ɓata duk abin da ya taɓa. Wanke sarƙar da kananzir da tsohon buroshi, ta bushe, ka ɗiga mai mai tsabta ɗigo ɗaya a kowace gaɓa, ka juya feda baya, sannan ka goge wajenta da tsumma har ta daina baƙanta shi. Man da ke aiki yana cikin gaɓoɓin, na waje datti kawai yake tarawa. In tabo ya riga ya hau wando, shafa masa sabulun ruwa na wanke kwanuka tun yana bushe, a bar shi ɗan lokaci kafin a sa ruwa.

Hular kwano ba ta da madadi, kuma ba ruwanta da nisa. Su kansu ƙwararrun 'yan tsere sun daɗe suna ƙin ta, sai da ɗaya daga cikinsu, Andrei Kivilev, ya faɗi ya rasu a gasar Paris zuwa Nice a 2003 hukumar tseren keke ta duniya ta wajabta ta. Kewaya kanka da tef ɗin tela, kamar santimita 2 sama da gira, ka sayi wadda lambarka ta faɗa cikin abin da aka rubuta mata. Leƙa cikinta ka nemi tambarin tabbatar da inganci, EN 1078 ko CPSC. Ta zauna daidai, tsakanin gira da bakinta yatsa biyu, ba a tura ta ƙeya kamar yadda ake karya zanna ba. Igiyoyin su haɗu a ƙasan kunne, a ƙarƙashin haɓa kuma yatsa ɗaya ko biyu kawai su shiga. Abin da ke cikinta soso ne mai tauri irin wanda ake tallafe talabijin da shi a kwali, kuma aikinsa ya murƙushe a madadin ƙoƙon kai. Sau ɗaya yake yin haka. Hular da ta taɓa dukan kwalta ta gama, ko da bayanta na ƙyalli, shi ya sa wannan kaɗai ba ma son ka saya a gwanjo. Ta mashin ta yi nauyi ga mai sunkuyo, ba ta da ramukan iska, a zafin Kebbi za ta dafa ka.

Rigar 'yan tsere mai aljihu uku a baya tana da hikimarta: abin da ke aljihun wando yana dukan cinya a kowane juyi, na baya kuwa ba ya damun kowa, kuma bayanta ya fi tsawo don kada ƙugu ya buɗe in an sunkuya. Amma rigar ƙwallo da ake sayarwa a kowace kasuwa yadinsu kusan ɗaya ne, tana fitar da gumi ta bushe da wuri. Ɗauki wadda ta ɗan kama jiki, mai tsawon da zai rufe bayanka, mai launi mai haske. Waya da makulli da kayan faci su shiga 'yar jakar da ake ɗaurewa a ƙarƙashin sirdi.

Takalmin da ke maƙalewa a feda, bar wa samarin kayansu tukuna. Tun da kamfanin Look ya fito da irinsa a 1984 'yan tsere suka rungume shi, kuma yana da amfani ga mai gudu. Amma kusan duk mai koyo sai ya faɗi a tsaye, ya zo tsayawa ya manta bai murɗa dunduniya ya saki ƙafa daga fedar ba, faɗuwa kuma a gaban 'yan kabu-kabu a shataletale ba abin wasa ba ne. Na tseren titi, wanda ake ɗaura masa maƙali a tafi da ƙusa uku, ba ya takuwa, rairayi yana toshe shi yana cinye shi. In wata rana ka matsu, nemi irin SPD na kamfanin Shimano mai ƙusa biyu, wanda ƙarfensa ke ɓoye cikin tafin takalmin, ana iya tafiya da shi. A yanzu kambas mai taurin ƙasa ya ishe ka. Lanƙwasa shi da hannu a shago, in ya naɗe kamar silifa zai sa tafin ƙafarka zafi bayan awa guda. Igiyarsa ta dama a cusa ta ciki. Silifa da sandal mara maɗaurin dunduniya suna zamewa in ƙafa ta yi gumi.

Safar hannu mai yankakkun yatsu tana da daraja fiye da kuɗinta, domin mai faɗuwa tafin hannu yake fara kaiwa ƙasa, kai kuma da hannun kake riƙe alli. Tabarau ma haka, saboda ƙura da tsakuwar da manyan motoci ke watsowa, da ƙwarin da ke tashi daga fadamun shinkafa da magariba. Farin tabarau na masu aikin gini da ake samu a shagon kayan aiki ya wadatar da asuba da yamma.

Ganuwa ta fi duk wani ado a hanyar Kalgo da Jega. Launi mai ƙyalli, ruwan ɗorawa ko lemo, da rana yake aiki. Da duhu ba ya komai, sai abin da ke mayar da hasken fitilar mota. Mafi amfaninsa a idon sawu, domin direba yana ganin abu na hawa da sauka ya gane mai keke ne tun daga nesa. Ka ga ke nan maɗaurin ƙafar wandonka in mai mayar da haske ne, ya yi aiki biyu. Haɗa da farar fitila a gaba, ja a baya.

A bazara, daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi ke haura digiri 40, fita bayan sallar asuba ka dawo kafin ƙarfe 10. Riga mai dogon hannu, fara, mara nauyi, ta fi barin fata a rana. Da damina keken tsere ba shi da abin tare taɓo, zai zana maka layi daga ƙugu zuwa wuya, a nan ne ledar kaftani ke biyan kuɗinta.

Saura Argungu. Ƙarshen shekara hunturu ne, iskarsa daga arewa maso gabas take busowa, Argungu kuma ta can take daga Birnin Kebbi. Wato da ka wuce Ambursa iska tana ƙirjinka har ka isa, a dawowa ne za ta tura ka. A nan ne yalwar tufafi ke zama kaya. Turjiyar iska ba ta ƙaruwa daidai da gudu, ninkuwa take: gudu in ya ninka biyu, ita ta ninka huɗu. Kana tafiyar kilomita 20 a awa, iska mai gudun 15 tana fuskantarka, jikinka yana tura iskar 35 ke nan, turjiyar ta kusan ninka uku a kan ta ranar da ba iska. Rigar da ke kumbura a baya kamar tanti ƙarfinka take sha. Ranar sai a sa masu kama jiki daidai gwargwado: mai soso a ciki, tsukakken dogon wando, rigar ƙwallo, da wata 'yar riga mai zif a sama saboda sanyin asuba, wadda za ka cire ka naɗe in rana ta ɗaga. In ba ka da ita, tsohuwar jarida a ƙirji a ƙarƙashin riga tana tare iska, dabarar 'yan tseren Turai ce ta tun da in za su gangaro daga dutse. Ƙyalle mara kauri a hanci saboda ƙura, man kaɗanya a leɓe.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Duk abin da za ka sa ranar, ka riga ka yi Asabar uku ko huɗu da shi, kana ƙara kilomita 5 zuwa 10 kowane mako, don in akwai ɗinkin da ke cizo ya nuna kansa kusa da gida. Gora biyu masu cin mililita 750, ka shanye kamar ɗaya a kowace awa ko ba ka ji ƙishi ba, domin busasshiyar iskar hunturu tana ɗauke gumi kafin ka san ka yi shi. Ɗaya daga cikinsu a zuba mata gishirin ORS. Dabino a aljihu. Kada ka tafi kai kaɗai, ka ja biyu daga samarin nan.

Yaya kuma kada ka tsaya musu da shi a kan abin da bai gani ba. Abin da yake hangowa hoton 'yan tsere ne na talabijin. Ranar wata Asabar ka shirya tsaf, dogon wando, riga mai rufe ƙugu, hular kwano, ka biya ta gidansa ka gaishe shi kafin ka kama hanya. Ka tafi masa da wandon shaddar nan guda da sarƙa ta cinye, ka nuna masa haƙoran faifan da ke buɗe. A ƙofar surukai kuwa, ka sauka ka tura keken, ka cire hular kwanon ka gaisa. Hular zannarka tana cikin jaka, ita za ka sa in ka tsaya azahar a Argungu. Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.